AIKIN DA KE KATSUWA DA WANDA BA YA KATSUWA: DARASI DAGA MANHAJAR TSARA AIKI

Jawabin da aka gabatar a taron wata-wata na ƙungiya, a nan garin Gombe



Gabatarwa

An ɗora mana nauyin mu yi bayani a kan manhajar tsara aiki, wato irin shirin nan na kwamfuta da ke jera ayyuka ya ce wannan ne na farko, wancan ne na biyu. Abin da za mu duba shi ne yadda take bi da aikin da ake iya katsewa a dawo masa daga baya, da kuma aikin da in an fara shi sai an kai ƙarshe. Ranar da aka sanar da wannan take, wani daga cikin iyayenmu ya tare mu a bakin shagonsa ya ce, "To 'ya'yana, mu da ko taɓa kwamfutar ba mu yi ba, me ya haɗa kifi da kaska?" Muka ce, "Baba, a daure a zo a saurara. In an tashi ba a ƙaru da komai ba, mu za mu biya kuɗin Keke Napep."

Jama'a, yawancinmu a nan, ko mu ko iyayenmu, neman halali ne ya kawo mu Gombe daga Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato da sauran garuruwa. Wasu sun biyo cinikin auduga da gyaɗa, musamman bayan jirgin ƙasa ya iso garin nan a 1963. Wasu kuma sun zo ne bayan an kafa jihar Gombe ran 1 ga Oktoba, 1996, lokacin da aikin gini ya buɗe. Mutumin da ya zo neman arziki a garin da ba na kakanninsa ba, babban jarinsa shi ne cika alkawari. Telan da ya ce a zo jajibirin Salla, aka zo aka tarar da yadi a yanke ba a ɗinke ba, ya yi asarar abin da ya fi kuɗin ɗinkin. Sau da yawa kuma ba lalaci ke jawo haka ba, rashin tsari ne: an fara aikin da bai kamata a fara ba, a lokacin da bai kamata ba.

Aiki iri biyu ne

Bari mu fara daga madafi, tun da iyayenmu mata sun riga masu kwamfuta sanin wannan ilimi. Uwargida tana tsince shinkafa ko ɓarar gyaɗa, sai aka yi sallama. Za ta ajiye faifai, ta je ta amsa, ta dawo ta ci gaba daga inda ta tsaya, ba abin da ya ragu. Wannan shi muke kira aiki mai katsuwa. Amma a ce ta zuba gari a tukunya ta kama muciya tana tuƙa tuwo, ko da wa ya yi sallama sai dai ta ce a shigo, domin in ta saki muciyar tuwo zai yi gudaji, ko ya kama. Wannan shi ne aiki marar katsuwa.

Saboda haka tambayar da ke raba su guda ɗaya ce: in na tsaya a nan, abin da na riga na yi zai jira ni, ko kuwa zai lalace? Duk bayanin da za mu yi yau a kan wannan tambaya ya rataya. Manhajar tsara aiki kuwa iri biyu za mu duba. Akwai wadda ke cikin kwamfuta da wayar hannu tana tsara wa na'urar nata ayyukan, akwai kuma wadda injiniyoyi da 'yan kwangila ke amfani da ita su tsara aikin mutane.

Yadda kwamfuta ke raba lokacinta

Wanda ke sauraron rediyo a wayarsa, saƙon WhatsApp yana shigowa, agogo kuma yana tafiya, zai ɗauka wayar tana yin komai a lokaci guda. Gaskiyar magana ita ce ƙwaƙwalwar na'urar, wadda ake kira furosesa, taura biyu ba ta taunuwa gare ta. Ko a wayoyin yanzu masu ƙwaƙwalwa takwas a haɗe, kowace ɗaya abu ɗaya take yi a lokaci guda, ayyukan da ke jira kuwa sun kai ɗaruruwa. To sai aka sa wani ɗan shiri, mu kira shi mai rabon lokaci, yana ba kowane aiki ɗan guntun lokaci, kashi kaɗan cikin dubu na sakan ɗaya, sannan ya karɓe ya miƙa wa na gaba. Saurin juyin ne ya sa idonmu ba ya gani. Wannan dabara ta raba lokaci an gwada ta a fili tun 1961 a jami'ar MIT ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin wani malami mai suna Fernando Corbató.

Hanya biyu aka bi wajen wannan rabo. Waɗanda suka yi aiki da Windows 3.1, wanda ya fito a 1992, za su tuna yadda shiri ɗaya kan maƙale ya tsai da kwamfutar gaba ɗaya. Dalili shi ne a wancan tsari, in an ba shiri dama, sai ya ga dama don kansa zai saki. Kamar majalisar da ba ta da shugaba ce, mai magana sai ya gaji yake yin shiru, in kuwa aka haɗu da sarkin surutu kowa ya shiga uku. Da Windows 95 ya zo a 1995, sai aka ba mai rabon lokaci ikon ƙwace dama daga sababbin shirye-shirye da zarar lokacinsu ya cika, kamar dai yadda shugaban wannan zama zai yi mana in muka zarce. Android da ke cikin yawancin wayoyinmu, wanda aka gina a kan Linux, shi ma wannan hanya ta biyu yake bi.

Amma a lura da wani abu. Kafin mai rabon lokaci ya karɓe dama daga wani aiki, sai ya rubuta daidai inda aikin ya tsaya da duk lissafin da ke hannunsa, domin in an dawo masa ya ɗora daga nan. Ke nan aiki ba ya zama mai katsuwa sai an san inda aka tsaya. Mai auna hatsi a Tudun Hatsi da aka kira shi yana tsakiyar ƙirga mudu, in ya faɗa da ƙarfi "ashirin da bakwai" kafin ya juya, ya tsira. In bai faɗa ba, sai ya juye buhun ya sake daga farko.

Bayan haka, kowace katsewa tana da farashi. Ku dubi mai injin markaɗe. In ya gama markaɗa tattasai da attaruhu aka kawo masa gero na kunu, dole ya wanke inji tukuna. In ya riƙa sauyawa bayan kowane kwano, rabin yininsa a wanki zai ƙare. Shi ya sa mai dabara yake tara masu kayan miya wuri guda, masu hatsi wuri guda. Ita kwamfuta sauyin nata ba ya cin lokaci mai yawa, shi ya sa take iya yinsa sau ɗaruruwa a sakan ɗaya. Ɗan Adam kuwa, in an katse shi yana tsakiyar lissafin bashi, sai ya ɗau mintoci kafin hankalinsa ya koma wurin.

Wa za a fara sallama?

Har ila yau a wurin mai inji akwai wani darasi. A ce mutum ya kawo buhunan masara da za su ci minti 60, yarinya kuma ta kawo mudu ɗaya mai cin minti 5. In aka fara da mai buhuna, shi zai tafi bayan minti 60, ita bayan 65, jimillar zaman mutum biyu minti 125 ke nan. In kuwa aka fara da yarinyar, za ta tafi bayan minti 5, shi bayan 65, jimilla minti 70. Mai buhuna minti 5 kawai ya ƙara, yarinya kuwa ta tsira da awa guda. Masana lissafi sun tabbatar da wannan ƙa'ida tun 1956, cewa fara sallamar gajeren aiki shi ke rage yawan jira.

Sai dai akwai tarko a ciki. In masu mudu ɗaya suka yi ta zuwa ba iyaka, mai buhuna zai yini bai samu shiga ba. Maganin da masu manhaja suka samo shi ne, duk aikin da ya daɗe yana jira sai a riƙa ɗaga darajarsa sannu a hankali har ya kai gaban layi. Telolinmu su riƙe wannan. Akwai ɗinkin babbar riga da ke kwana wata biyu a ƙarƙashin tebur domin kullum ana kawo ƙananan gyare-gyare masu biya nan take. Mai rigar nan yana ƙirga kwanakin, ko da bai yi magana ba.

Wurin da ba a taɓawa

Duk da ikon ƙwace dama da aka ba mai rabon lokaci, akwai gaɓoɓin aiki da ba a yarda wani ya kutsa cikinsu ba. Dattawan da suka hau jirgin ƙasa daga Bauchi zuwa Gombe, ko daga nan zuwa Maiduguri bayan layin ya kai can a 1964, sun san layi ɗaya ne tak. Jirage biyu ba sa wuce juna sai a tasha. In jirgi ya shiga tsakanin tasha da tasha, wanda ke fuskantarsa dole ya tsaya ya jira, ko da wane babban mutum ne a ciki. A cikin kwamfuta ma haka ake yi. In aiki zai taɓa wani rumbun bayani da wasu ke tarayya da shi a kai, sai ya kulle ya riƙe mabuɗi har ya gama. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, wanda ya tsara irin wannan kulle a shekarun 1960, sunan alamar tsai da jirgin ƙasa ya sa masa.

Kullen nan kuma in ba a yi hattara ba yakan jawo matsala. Ran 4 ga Yuli, 1997, wata na'urar binciken Amurka mai suna Pathfinder ta sauka a duniyar Mars. Bayan 'yan kwanaki sai kwamfutarta ta riƙa kashe kanta tana sake tashi. Da injiniyoyi suka bincika sai suka gano cewa wani ƙaramin aiki, na tattara bayanin yanayi, yakan karɓi mabuɗin rumbu. Kafin ya gama sai wani matsakaicin aiki ya ture shi gefe, alhali mabuɗin yana hannunsa. Babban aikin da ya fi kowa daraja kuma ya zo yana neman mabuɗin, ya yi ta jira, har na'urar ta ɗauka ta lalace ta sake tashi. Daga nan duniya aka aika gyara: duk ƙaramin aikin da ke riƙe da mabuɗin da babba ke jira, a ara masa darajar babban har ya gama ya saki. Mu ma mun san irin wannan. Alhaji ya aiki yaron shago da mabuɗin sito, a hanya wani yayan shago ya tare shi ya aike shi sayen abinci, ga babbar mota ta iso da kaya ana jiran a buɗe. Wanda ke riƙe da mabuɗi, ko yaro ne, a ƙyale shi ya isar da saƙo.

Misalin da ya fi kusa da aljihunmu shi ne tura kuɗi. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, har mai sayar da kayan miya ya koma karɓar taransifa da POS. Tura kuɗi mataki biyu ne: a cire daga asusun wannan, a zuba a asusun wancan. Manhajar banki tana ɗaukar matakan biyu a matsayin aiki ɗaya marar katsuwa, ko a yi duka ko a fasa duka. In sabis ya yanke a tsakiya, ƙa'ida ita ce a warware abin da aka fara, kuɗin ya koma wa mai shi. Warwarewar ce wani lokaci takan ɗau lokaci in bankuna biyu ne, shi ya sa a 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ba da umarnin cewa cinikin POS da ya maƙale a warware shi cikin awa 72. Shawararmu ga 'yan'uwa ita ce, in an ga alamar an cire kuɗi bai shiga ba, kada a yi garajen sake turawa. A adana rasit, a rubuta lokaci, a bincika tukuna.

Haka nan in waya tana sabunta manhajarta ta rubuta cewa kada a kashe ta, da gaske take. Shi ya sa ma ba ta yarda ta fara sai ta ga akwai isasshen caji. Ku lura da wannan hali: ba ta shiga aikin da ba ya katsuwa sai ta tabbatar da guzurin da zai kai ta ƙarshe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Manhajar da ke tsara aikin mutane

Yanzu mu juya ga iri na biyu. A 1957 kamfanin DuPont na Amurka, tare da kamfanin Remington Rand, suka fito da hanyar lissafa jerin ayyukan da in ɗaya ya yi jinkiri duk aikin zai yi jinkiri. A kan wannan tushe aka gina manhajoji irin su Microsoft Project da Primavera, waɗanda manyan 'yan kwangila ke amfani da su wajen gina hanya ko asibiti. Ana shigar da kowane aiki, da kwanakin da zai ci, da ma'aikatan da yake bukata, da aikin da dole a gama kafin a fara shi. In manhajar ta ga an ɗora wa mutum ɗaya ko inji ɗaya aiki biyu a rana guda, sai ta daidaita, ta jinkirta ɗaya, ko ta tsaga shi gida biyu ta cusa wani a tsakiya. A Microsoft Project akwai wurin da mai tsari zai nuna ko an yarda a tsaga wani aiki ko ba a yarda ba. Akwai kuma lambar daraja daga 0 zuwa 1000, wanda aka ba 1000 manhajar ba ta gusar da shi ko kaɗan.

Don me ba za a ce kada a tsaga kowane aiki ba, a huta? Ga dalili. A ce teloli biyu ne a shago, ga ɗinki uku, kowanne na cin awa 4. In ba a yarda a raba ɗinki ba, kowa zai ɗau ɗaya su gama cikin awa 4, sannan ɗaya ya ɗau na uku, ɗayan ya zauna yana hamma. Awa 8 ke nan. In kuwa an yarda a raba, tela na biyu zai fara ɗinki na uku ya yi masa awa 2 ya ajiye, ya kama nasa ya yi awa 4, shi kuma na farko in ya gama nasa ya ƙarasa ragowar awa 2. An gama duka cikin awa 6. Wani masani mai suna Robert McNaughton ya nuna tun 1959 cewa in ana iya tsaga ayyuka, samun tsari mafi gajarta abu ne mai sauƙi. In kuwa ba a iya tsagawa, kuma ayyukan suka yi yawa, lissafin kan yi wuya har ga manyan kwamfutoci, sai dai su nemo tsari mai kyau gwargwado. Ashe ke nan duk aikin da aka ce ba ya katsuwa yana da tsada, domin wasu za su zauna jiransa. Bai kamata a ba kowane aiki wannan matsayi ba sai wanda ya cancanta.

Wanda ya cancanta kuwa, in aka tsaga shi, an yi ɓarna. A bara wani ɗan'uwanmu ya tashi zuba dekin ɗin gidansa. An ɗaura rodi, an kawo siminti da yashi da tsakuwa, an tara leburori tun da sassafe. Ruwa kuwa tanki ɗaya aka tanada, bisa alkawarin cewa mai tanka zai kawo na biyu kafin azahar. Aka zuba rabin dekin, ruwa ya ƙare, mai tanka bai iso ba sai bayan la'asar. Kankare kuwa ba ya jiran kowa. Cikin awa ɗaya zuwa biyu yake fara kamawa, a zafin garin nan ma ya fi haka sauri. Sabon da aka zuba bai haɗe da tsohon yadda ya kamata ba, da damina ta zo sai ga yoyo yana bin layin nan tiryan-tiryan. Kuɗin gyaran da ya kashe ya ninka kuɗin tankin ruwa sau da yawa. Da an tambayi manhaja, ba za ta sa ranar zubi ba sai ranar da ruwa da injin kwaɓi da mai da leburori duk suke a hannu. Amma fa sai in an gaya mata cewa zubi ba ya katsuwa. Ita ba ta san kankare ba, abin da aka shigar mata shi take bi. In wanda ya shigar bai san sana'ar ba, za ta tsaga zubin gida biyu ta buga jadawali mai kyan gani.

Daɗin daɗawa, injiniyoyi suna da dabarar rage girman irin wannan aiki. In dekin ya yi faɗi, tun a takarda sukan zaɓi wurin da za a tsaya, inda nauyi bai taru ba, a shirya masa mahaɗa ta musamman. Tsayawar da aka shirya mata daban take da wadda ta zo ba zato.

Akwai kuma wani nau'i na uku da ya kamata mu ambata, wato aikin da ke tafiya da kansa. Bayan an zuba kankare ana shayar da shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma a kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. Waɗannan kwanaki ba ruwansu da Juma'a ko Lahadi ko hutun Salla, kuma ba a gajarta su da ƙarin leburori. Manhaja tana da hanyar ƙirga irin wannan lokaci dare da rana, ta kuma saki ma'aikata su tafi wani aikin. Jiƙa wake da tashin ƙullun waina duk wannan gida suke. Mai dabara shi ke fara su da wuri, ya yi wani abu kafin su nuna.

Ba sai mun je nesa ba wajen ganin babban aiki marar katsuwa. Kamfanin siminti na Ashaka da ke ƙaramar hukumar Funakaye, wanda ya fara aiki a 1979, yana gasa dutse a cikin wata doguwar tanda mai juyawa. Irin wannan tanda zafinta na kaiwa kusan digiri 1,450, kuma in ta tsaya cak tana da zafi takan lanƙwashe, sake ɗumama ta kuma yakan ci kwana guda ko fiye. Shi ya sa masana'antun siminti ke aiki dare da rana, gyaran tanda kuma a tsara masa lokaci tun da watanni, a tara duk gyare-gyaren a yi su a tsayawa ɗaya.

Mu da wutar lantarki

Mu a nan, babban mai katse mana aiki ba sai an faɗa ba. Tun zamanin NEPA har zuwa 2013 da aka miƙa rabon wutar jihohin Gombe da Bauchi da Filato da Binuwai ga kamfanin rarraba wuta na Jos, mai sana'a da wuta yake kwana da ita yake tashi. An kasa masu amfani da wuta rukuni biyar, daga rukunin A da aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, zuwa rukunin E mai awa 4. A watan Oktoba na 2024 kuwa kowa ya ga yadda yawancin jihohin Arewa suka kwashe kwanaki cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Wannan ba abu ne da ke hannunmu ba. Abin da ke hannunmu shi ne yadda za mu jera ayyukanmu.

Na farko, kowa ya zauna ya raba ayyukansa. Tela ya san cewa awo da yanka da sa maɓalli duk suna katsuwa, kuma ba sa bukatar wuta. Aikin wuya na injin kwamfuta da guga su ke son wuta, na farkon kuma shi ne ba ya son a yanke shi a tsakiya.

Na biyu, lokacin da aka fi tabbacin wuta, ko lokacin da za a tada janareta, a keɓe shi ga aikin da ba ya katsuwa. Sauran ayyuka a cike giɓi da su. Abin takaici ne a ƙona man janareta ana yankan yadi, sannan mai ya ƙare ana tsakiyar aikin wuya.

Na uku, kada a fara marar katsuwa sai an ga guzurinsa da ido. Mai gidan burodi kada ya kwaɓa fulawa sai ya ga itace ko gas a ƙasa. Mai gini kada ya kira leburori sai ruwa ya cika tanki. "Yana hanya" ba ya cikin kayan aiki.

Na huɗu, in za a ajiye aiki a bar alama. Manhajar Microsoft Word takan ajiye kwafin abin da ake rubutawa duk bayan minti 10 saboda tsoron ɗaukewar wuta. Mu ma a maƙala takarda a jikin ɗinki, a rubuta adadi a jikin buhu, a gaya wa yaro inda aka kwana.

Na biyar kuma, wannan ga mu iyayen gida ne. In yaro yana kan aikin da ba ya katsuwa, yana walda ko yana tura kuɗin abokin ciniki, a bar shi ya gama kafin a aike shi. Girman mai aike ba ya hana tuwo gudaji.

Kammalawa

Jama'a, mun ɗauko ku daga madafi mun kai ku har duniyar Mars mun dawo Ashaka, amma maganar ba ta wuce tambayar da muka fara da ita ba: in na tsaya a nan, abin da na yi zai jira ni ko zai lalace? Matasanmu da ke karatun kwamfuta da injiniyanci a Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya da ke Kashere, muna roƙonku ku zauna da maginanmu da telolinmu. Ku kun san manhaja, su kuma sun san aikin da ba a tsagawa, kuma jadawali ba ya yin kyau sai an haɗa biyun. Muna kuma ba kwamitin ayyuka na ƙungiya shawara, duk lokacin da za a yi aikin gayya ko gini, a zauna tun da mako guda a fitar da gaɓar da ba ta katsuwa, a tanadar mata komai kafin a sa rana.

Baban da ya tambaye mu abin da ya haɗa kifi da kaska, muna ganinsa can a sahun gaba, shi zai yanke hukunci ko akwai kuɗin Keke Napep a kanmu.  Inda muka yi kuskure a gyara mana. Allah ya sa wa sana'o'inmu albarka, ya zaunar da garinmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.